Firam Ɗin Babansu

Litinin, 5 ga Yuni

Yau na ba Auta makullin ɗakin baya. Shekara bakwai tun rasuwar babansu ban buɗe shi ba, ban kuma bar kowa ya buɗe ba. Ta ce aikin gama makarantarta sai a ɗaki mai duhu, injin da ake irin aikin da shi a makarantar ya lalace, malaminsu kuma ya ce da hannu za a yi, ba ya karɓar na saye. Na ce yaran yanzu ba ku iya roƙo ba, sai ku zo wa mutum da magana kamar takardar sammaci. Ta ce, "To Umma, don Allah." Iyakar roƙon ke nan.

Na kafa sharaɗi: taga a buɗe in ba aiki take ba, kada ta taɓa akwatinsa, kada ta ɗaukar mini kwano ko ɗaya.

Laraba, 7 ga Yuni

Ta ɗauki kwano biyu.

Na zaunar da ita ta yi mini bayani, don ba na barin abu ya kwana a gidana ban san kansa ba. Na'ura take haɗawa da za ta riƙa kashe famfo da kanta idan tanki ya cika. Wannan dai na yarda yana da amfani, ganin yadda maƙwabtanmu ke barin ruwa yana malala kamar ba za a tambaye su ba. Kayan na'urar a kan wani ɗan allo suke zama, faɗin tafin hannu, fuskarsa jan ƙarfe, an shafe shi da wani abu mai jin haske. Ta zana hanyoyin wuta a kwamfuta, an buga mata da baƙin tawada a kan leda mai garai-garai. Za ta ɗora ledar a kan allon, ta haska wata fitila mai shuɗin haske, irin ta masu gyaran farce, wai ultrabayolet. Inda haske ya taɓa zai wanke a ruwan magani, wani ruwan kuma ya cinye jan ƙarfen wurin. Inda tawada ta tare, layi ya zauna.

Tana ta kwatance da hannu kamar mai karantar da 'yar aji ɗaya. Na ce na gane. Ban ce mata wankin hoto ne aka sauya wa riga ba.

Allo shida gare ta. Daga nesa aka aiko, in sun ƙare sai an jira mako uku. Ranar 23 za ta miƙa aiki. Bara ta faɗi wannan darasin, bana ce damarta ta ƙarshe. Yarjejeniyarmu tana nan: in bai yiwu ba, ta ajiye wayoyin nan ta karɓi koyarwa a firamaren da na yi aiki. Shugabar makarantar tana jiran kirana. Aiki mai tsafta, mai mutunci, alli kawai za ta shaƙa.

Alhamis, 8 ga Yuni

Na farko ya lalace. Layukan sun haɗe da juna kamar tawadar da ruwa ya taɓa. Ta ce lokacin hasken ne ya yi kaɗan.

Asabar, 10 ga Yuni

Na biyu ma. Ta ƙara lokaci, sai siraran layukan suka tsittsinke, bakin manyan ya yi gashi-gashi.

Da hantsi na zo wucewa da shanya, ƙofar a buɗe. Ban shiga ba. Daga bakin ƙofa na gani, ido ne, ba ya neman izini. Ta ɗora ledar, fuskar tawada na kallon sama. Ta danne ta da wata roba mara kauri da ta cire daga tsohon kalanda, tsakiyarta ta yi tozo, ta aza littattafai a gefe biyu. Fitilar kuwa ta kifa ta kusa, ko yatsu huɗu babu. Kuskure uku a kallo ɗaya.

Na wuce na yi shanyata.

Warin ɗakin ne ya biyo ni. Ba irin namu ba ne, amma danginsa ne. Har yanzu bargon da muka kafe a taga yana nan, da ƙusar da jar fitila ke rataye, da tabon da ya yi kama da kan akuya a kan tebur, ranar da babansu ya zubar da kwalba yana mini dariya.

Lahadi, 11 ga Yuni

Ba abin da na yi yau sai tunani, abin da nake hana yara.

Ina da shekara ashirin babansu ya fara shigo da ni ɗakin nan. Mahaifina bai taɓa hucewa ba, 'yarsa mai takardar sakandare ta auri mai hoto. Ranar farko na wanke hoto ya fito dishi-dishi, amarya da ango kamar a cikin hayaƙi. Na zata zai yi faɗa. Sai ya kunna fitila ya ce in ɗaga hannuna a gaban bango. "Matsa da shi nesa da bangon." Inuwar ta yi faɗi, bakinta ya narke. "Yanzu kai shi jikin bango." Yatsu biyar suka fito sarai, har zobena. Ya ce, "Kin gama karatun hoto, malama. Fim da takarda fuska da fuska, ba iska a tsakani. Haske ɓarawo ne, kafar allura ta ishe shi." Sannan ya ja fitilar baya, inuwar ta ƙara tsayuwa. Ya ce fitila in ta matso tana haskowa ta gefe-gefe, in ta yi nisa hasken ya miƙe.

Shekara goma sha biyar ni ce a ɗakin duhu, shi yana waje da kyamara. Mutane suna cewa hotonsa har gashin gira ana ƙirgawa. Yakan ce, "Hannun gida ne," su yi dariya, su ɗauka raha yake. Ni ma ban so a sani ba. Kafin Auta ta yi wayo, kyamarori marasa fim sun zo, aikin ya mutu. Ita ta san babanta da ɗaukar fasfo kawai, ta san ni da rajistar makaranta da bulala.

Sai tarin da ya zama ajalinsa. Likita bai taɓa cewa magungunan wanki ne ba. Ni na ce, kuma har gobe ina cewa. Bayan na koma aikin makaranta shi ya ci gaba da shiga, taga a rufe, har ƙarshen aikin.

Ba zan ba ɗakin nan mutum na biyu ba.

Talata, 13 ga Yuni

Na uku. Saura uku. Ta ɓata mini tawul da ruwan nan mai kalar shayi mai kauri, ba ya fita. Na yi faɗan tawul fiye da kimarsa.

Laraba, 14 ga Yuni

Gwaggonsu ta zo, yayar marigayi. Tsufa bai rage mata baki ba. Ta leƙa ɗakin baya, ta dawo tana tafa hannu.

"Injiniya ta gaji gida! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai wace barewar, ta waje ko ta ɗaka?"

Na ce, "Yaya, sha ruwanki."

Da Auta ta fita ta rage murya. "Yarinyar nan ta san wanda ya wanke hoton aurena?"

Na ce a bar tone-tone. Ta ce, "Ni dai na ga farcenki baƙi ƙirin shekara da shekaru, kina ce mana rini kike yi. Rinin me, amaryarmu?" Shekara talatin da biyar tana kirana amarya, duk lokacin da take son ta ƙona mini rai.

Na gaya mata gaskiya, cewa gara yarinyar ta faɗi ta rayu. Ta dube ni ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa jin an yi wa yaro rigakafi da karya masa ƙafa ba.

Ba ta san abin da na gani a asibiti ba. Ita ziyara take zuwa, ni nake riƙe kwano.

Alhamis, 15 ga Yuni

Abin kunya, amma littafin nan ba ya kai ƙara.

Muna cin abinci Auta ta ce wani ɗan ajinsu nasa ya fito tas, ta tambaye shi yadda ya yi, ya ce sirrin sana'a ne. Raina ya ɓaci. Na ajiye cokali na fara: rowar ilimi ta fi rowar abinci muni, wanda ya ga ɗan'uwansa zai faɗa rami ya yi shiru, da shi da mai turawa duk ɗaya, iyayen yaron nan ba su...

Sai maganar ta tsaya mini a wuya.

Ta ce, "Umma, ƙashi ne?" Ta miƙo mini ruwa.

Asabar, 17 ga Yuni

Na huɗu ya tafi. Ta sayo fitila ta biyu don ta ƙara haske, ta jera su gefe da gefe. Na ji ta tana gaya wa ƙawarta a waya. Fitila biyu, inuwa biyu. Na san abin da zai fito tun kafin ta jiƙa shi.

Da la'asar ta fito idanunta jawur, suna hawaye, ta ce kamar an zuba mata yashi. Ashe tsayawa take a kan fitilar tana kallo, wai don ta ga ko ledar ta motsa. Na kai ta wurin mai magani, ya ba ta na ɗigawa, ya ce ta huta wa haske kwana biyu. Duk hanyar dawowa ina faɗa: in kunne ya ji, jiki ya tsira, ido ba a sayar da shi a kasuwa, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Lahadi, 18 ga Yuni

Ta shigo ɗakina da tsumma mai sanyi a ido, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, yadda take yi tana ƙarama in za a yi mata kitso.

"Umma, ki kira shugabar makarantar. Kaina ne ba ya ja. Baba ma da yana nan da ya ce in haƙura."

Na ce babanki bai taɓa cewa kowa ya haƙura da aiki ba. Ya fita daga bakina kafin in tauna.

Abin da nake roƙo ne ya zo har ɗaki ya durƙusa. Na ɗauki waya, na nemo lambar, na ajiye.

Bayan ta fita na daɗe ina kallon hotonsa da ke bango. Yara sun ɗauka firam ne kamar kowane. Ba su taɓa juya shi ba. Firam ɗin aikinmu ne: katako mai nauyi, gilashi mai tsabta ba ko ƙwarzane, bayansa allo ne mai shimfiɗar ulu, da sandunan ƙarfe biyu masu lanƙwasa da ke matse fim da takarda har iska ta rasa wurin zama. Ranar da muka rufe ɗakin na ɗauko shi na sa hotonsa a ciki, don kada ƙura ta samu hanya. Ni na ɗauki hoton, ni na wanke. Shi kaɗai ne hotonsa, mai hoto ba ya samun mai ɗaukarsa. Yana dariya saboda na riƙe kyamarar a karkace.

Shekara bakwai ban sauke shi ba.

Litinin, 19 ga Yuni

Na ce mata ta koma wurin mai buga takardu ya juya zanen, dama ta koma hagu, ya buga a sabuwar leda, tawada ta yi kauri. Ta ɗaga tsumman daga ido ta dube ni. Na ce aike ne, ba shawara ba.

Talata, 20 ga Yuni

Bayan karin safe na sauke firam ɗin. Ƙarafan sun yi tauri, sai da na sa babban yatsa biyu. Hoton ya fito kamar jiya aka wanke. Na jingina shi a kan durowa na ce masa aro ne.

Na shiga ɗakin. Ƙafata ta san inda dakalin ya karye, ta tsallake da kanta.

Auta ta ga firam a hannuna ba hoto ta ce, "Umma, lafiya? Ina Baba?" Na ce yana ɗaki, matsa.

Na kawar da robarta da littattafanta. Na goge gilashin ciki da waje. Na shafa ledar da yatsa na nuna mata fuskar da tawada take, mai ɗan kaushi. Na ce wannan ita za ta kwanta a jikin allon, ba bayanta ba, don kaurin ledar kansa hanya ce ga haske. Ta buɗe baki. Na sa ta ɗaga hannu a gaban bango. Sai da na ji muryata tana cewa "kai shi jikin bango" na gane kalmominsa nake maimaitawa ɗaya bayan ɗaya. Na yi tari na ce ƙura ce.

Fitila ɗaya na yarda da ita. Muka ɗaure ta da igiya a tsohuwar ƙusa, ta yi nisan kamu guda daga tebur. Na yanka kwali muka kewaye ta, kada idon kowa ya sake ganin hasken.

Rigimar ta zo da na ce a yanka allo ɗaya don gwaji.

"Umma, biyu fa suka rage!"

"Huɗu kika ci da ka, me suka koya miki?"

"In na yanka wannan saura ɗaya tak."

"Ɗaya da sani ya fi biyu da lalube. Miƙo zarto."

Ta yanka tana ƙunƙuni, na ji ta tana cewa wai mulkin mallaka. Na bar ta, ranar ba ta faɗa ba ce. Muka rufe taga, ta kunna 'yar fitila mai ruwan ɗorawa wadda ba ta ɓata allon. Muka matse tsinken allon da ta yanko a firam, na rufe shi da kwali na bar baki kaɗan. Duk minti ɗaya ta kashe fitila in ja kwalin baya da faɗin yatsa. Ita tana duba waya, ni ina ƙirgawa a zuci, ban kuskure mata da daƙiƙa biyu ba. Da ta wanke sai ga shi hawa-hawa kamar matakala: na farkon ba su wanku ba, na ƙarshen sun fara cinyewa, na biyar da na shida tsaf. Na ce biyar da rabi.

Ta riƙe tsinken ta daɗe. Sannan ta ce, "Umma, wa ya koya miki?"

Na ce buɗe taga, wari ya yi yawa.

Laraba, 21 ga Yuni

Na ƙarshen. Ta taso da sauri, na ce ta wanke fuska ta dawo, ba a shiga aiki da gaggawa. Ita ta matse firam ɗin da kanta, ni na tsaya a baya. Da ƙarafan suka yi ƙas ɗin nan nasu, sai da na dafa tebur.

Minti biyar da rabi.

A cikin ruwan wanki zanen ya fara tasowa a hankali, yadda fuskokin mutane ke tasowa a da. Wannan lokacin ne ban taɓa gajiya da shi ba, ko a hoto na dubu. Na manta ina kewarsa. Da ruwan shayin ya gama cin rabonsa, ta ɗauraye, ta kai bakin taga. Layuka kamar an ja su da reza. Har mafi sirinta, wanda bai fi gashi biyu ba, ya tafi daga farko zuwa ƙarshe bai yanke ba. Ta bi su da mitarta ta gwajin wuta ɗaya-ɗaya, tana yin ƙara inda ya kamata, tana shiru inda ya kamata.

Ta ce, "Har gashin gira." Ashe ta je wurin Gwaggo jiya da yamma. Bakin matar nan ba shi da marfi.

Sai ta tambaye ni tun yaushe na ga kuskuren. Ƙarya ba halina ba ce. Na ce tun allo na biyu. Ta juya allon a hannu. Na jira, don tana da haƙƙi. Ta ce, "Da yaron ajinmu ne, da kin ce iyayensa ba su..." Na ce ta kiyayi bakinta. Muka yi dariya, tawa ba ta kai ƙarshe ba. Na gaya mata zancen tarin. Ta ce akwai safar hannu da abin rufe hanci, akwai fanka mai zuƙe iska, ba kamar zamaninmu ba. Na ce kowane zamani haka yake cewa.

Juma'a, 23 ga Yuni

Ta miƙa. Tanki ya cika, famfo ya mutu da kansa a gaban malamai uku. Malaminsu ya ɗaga allon ya ce ta rantse ba na saye ba ne. Ta ce masa hannun gida ne.

Na ce mata alfahari ba kyau.

Lahadi, 25 ga Yuni

Ta kawo firam ɗin ta goge shi, za ta mayar da hoton. Na ce ta bar shi can tukuna, ƙusar bangon ta yi sanyi, nauyinsa zai iya tsinke ta. Hoton yana nan a kan durowa, jingine da kwalbar turare. Ƙura za ta hau shi, na sani. Sai in riƙa gogewa, ba wani aiki ba ne. Ya ma fi kusa a nan.

Shugabar makaranta ta kira sau biyu. Ina wanki.

Na yi wa kafinta magana ya zo ya fasa taga ta biyu a ɗakin baya, a sa fanka. Don ginin ne, rufaffen ɗaki yana cin bango. Wasu 'yan ajinta mata biyu da aka ƙara wa mako za su zo gobe da allunansu. Na ce ba ruwana, amma kada wadda ta shigo mini ba safar hannu, kuma gilashin nan ba kowa zai taɓa ba, sai ina tsaye. Na ga tsohuwar rigar aikina a akwatinsa. Ta ɗan matse.

Makullin kuwa na manta ban karɓa ba. Gobe ma mai yiwuwa in manta.